Amana, Diyya da Ƙwace: Sharhi a kan Hausar Karɓe Gonaki daga Bakalori zuwa Borokiri

1.0 Gabatarwa

Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta zartar da Dokar Amfani da Ƙasa, wato doka ta 6 ta wannan shekara. Bayan shekara biyu, a ƙarshen watan Afrilu 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman yankin Bakalori, kusa da Talata Mafara, waɗanda suka daɗe suna tare hanyoyi saboda gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya ci. Masana tarihi da na tattalin arziki sun yi rubutu mai yawa a kan waɗannan al'amura guda biyu, amma ba kasafai ake duban su ta fuskar harshe ba. Alhali kuwa manomin Maradun ko na Birnin Tudu bai karanta dokar da Ingilishi ba. Abin da ya iso kunnensa Hausa ce, ta bakin tafinta da dagaci da malamin gona da mai karanta labarai a rediyo.

Wannan maƙala sharhi ce a kan waccan Hausa. Abin da take son nunawa shi ne, kalmomin da aka saba amfani da su wajen bayyana karɓe gonaki da hukuma ke yi, irin su amana da raya da diyya da mallaka, an ɗebo su ne daga rumbun addini da na zaman tare, inda kowacce ke ɗauke da alkawarin da dokar ba ta ɗauka ba. Za a auna kalmomin da ma'auni biyu: abin da ya faru a Bakalori, da kuma yadda Hausawa mazauna kudu, musamman na Borokiri a Fatakwal da na Anaca da Inugu, suke rayuwa da ainihin ma'anonin kalmomin, domin da yawansu sun baro gona a gida a hannun wani.

2.0 Kalmomin da Bahaushe ya gada

Hausa ba ta da talauci wajen kalmomin da suka shafi yadda gona ke fita daga hannu zuwa hannu. Akwai gado da saye da kyauta, waɗanda ke raba mutum da gona har abada. Akwai aro da haya da jingina da riƙo, waɗanda ke raba shi da ita na ɗan lokaci. Akwai gandu da gayauna, masu bambanta gonar gida da ta mutum shi kaɗai. Akwai saura, gonar da aka bari ta huta, wadda kowa ya san tana da mai ita ko da ciyawa ta rufe ta. Binciken Polly Hill a Batagarawa, wanda ya fito a 1972, ya nuna cewa saye da sayarwa da jinginar gona tsofaffin abubuwa ne a karkarar ƙasar Hausa. Tun kafin wannan, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita, ciki har da raya ta da kuma yankan da shugaba ke yi wa mutum.

Abin lura shi ne, a duk waɗannan kalmomi akwai mutum biyu da suka san juna, akwai shaidu, kuma akwai yarda ko aƙalla hukuncin da kowa ya san tushensa. Sarakuna sun karɓe gonaki a da, babu mai musun wannan, amma talaka yana da sunan da yake kiran abin idan babu dalili, wato ƙwace ko zalunci. Abin da harshen bai tanada ba shi ne kalmar da za ta bayyana halin da hukuma za ta raba mutum da gonar kakanninsa ba tare da ya yi laifi ba, ba tare da ya yarda ba, kuma a ce abin halal ne domin tun asali gonar ba tasa ba ce. Wannan tunani ya shigo ne da Turawa. Lugga ya bayyana a Sakkwato a 1903 cewa ikon da Fulani suka samu da yaƙi ya koma hannun Ingila. Kwamitin ƙasa na 1908 da dokar 1910, wadda aka yi wa gyara a 1916, suka sanya ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta ci gaba a kan wannan turba, sannan dokar 1978 ta shimfiɗa tsarin a kan Nijeriya baki ɗaya. Giɓin da ke tsakanin wannan tunani da kalmomin gado shi ne masu fassara suka cike, kuma yadda suka cike shi ne abin dubawa.

3.0 Amana

Sashe na 1 na dokar 1978 ya danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya ce zai riƙe ta a madadin 'yan Nijeriya domin amfaninsu gaba ɗaya. Da Hausa an saba cewa Gwamna yana riƙe da ƙasar ne amana. A ido fassarar ba ta da aibi, domin kalmar Ingilishin da dokar ta ɗauka tana da kusanci da wannan ma'ana. Matsalar tana fitowa ne idan aka tambayi wanda ya san amana a aikace.

A nan ne Bahaushen Borokiri ke da abin faɗa. Mai sayar da albasa ko mai harkar shanu ko tela da ya baro ƙasar Zamfara ko Katsina ya zauna a Fatakwal, ko a Anaca ko Inugu, sau da yawa yana da gona a gida. Wani ya jinginar da ita ya sami jarin da ya taho da shi. Wani ya ba da ita aro ga maƙwabci. Wani kuwa ya bar ta amana a hannun ƙanensa. Shi wannan na ƙarshe ya san sharuɗɗan abin sarai. Shi ne ya bayar, da bakinsa, a gaban mutane. Wanda aka ba ba ya sayarwa, ba ya kyauta da ita, ba ya sauya mata iyaka. Ranar da mai ita ya dawo ya ce a ba shi, ba a tambayar sa dalili. Idan aka saɓa ɗaya daga cikin waɗannan, akwai sunan abin, cin amana, kuma akwai alƙali, bayan tsoron Allah da ake sa ran zai hana a kai ga alƙalin. Karin maganar nan da ke cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi ba ta aiki a kan gonar amana, kuma wannan ne ma ya sa mutum ke iya shekara goma a kudu hankalinsa kwance.

To, idan aka ɗora amanar dokar 1978 a kan wannan ma'auni, ba ta cika sharaɗi ko ɗaya ba. Babu manomin da ya ba Gwamna gonarsa. Mai riƙon shi ke da ikon soke haƙƙin wanda aka ce ana riƙe wa, bisa sashe na 28. Wanda ake riƙe wa ba ya iya cewa a maido masa. Hasali ma, lauyoyi sun daɗe suna jayayya a kan ko wannan riƙo yana da irin nauyin da kotu za ta iya tilasta wa mai riƙo ya sauke. A Hausance, lamarin ya juye: wanda ya gaji gonar shi ya zama mai riƙo, wanda bai taɓa ganin ta ba ya zama mai iko da ita.

Ana iya cewa laifin na dokar ne, tafinta kuwa abin da aka faɗa ya maimaita. Wannan hanzari yana da ƙarfi, amma bai isa ba. A Ingilishin shari'a kalmar keɓaɓɓiya ce, lauya ya san iyakarta, ya kuma san yadda ake murɗa ta. A Hausa kuwa amana kalma ce ta mumbari da ta gadon mutuwa. Wanda ya ɗauko ta ya ɗora wa doka ya ara wa dokar kwarjinin da ba nata ba. Da an ce ƙasar tana ƙarƙashin ikon Gwamna, da an faɗi abin da sassan dokar suka tanada, ko da maganar ba ta yi daɗin ji ba.

Haka abin yake ga takardar da ake kira shaidar mallaka. Takardar ba ta shaida mallaka. Tana shaida izinin zama ne ko na amfani, galibi na shekara 99, kuma ana iya soke shi. Bahaushe ya bambanta mallaka da riƙo tun kafin a haifi dokar, don haka babu uzurin rashin kalma.

4.0 Abin da ya faru a Bakalori da sunayen da aka ba shi

An fara gina madatsar Bakalori a kan kogin Sakkwato a 1974, aka kammala ginin a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, wanda ke ƙarƙashin Fiat, shi ya yi aikin, a madadin hukumar kogunan Sakkwato da Rima. Ruwan ya mamaye kimanin hekta 8,000, ya tayar da mutane fiye da 10,000, ciki har da na tsohon garin Maradun. A lokacin yankin yana cikin Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996. Ya kamata a lura cewa an fara karɓar gonakin ne tun kafin dokar 1978, ƙarƙashin tsarin 1962, amma ginshiƙin dokokin biyu ɗaya ne.

Waɗanda abin ya shafa kashi uku ne. Akwai waɗanda ruwa ya ci gonakinsu da gidajensu, aka kai su tudu. Akwai waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban ruwa, aka hana su noma na damuna da dama ana baje ƙasa da katafila, aka tumɓuke itatuwa, aka shafe iyakoki, da niyyar a sake raba musu daga baya. Akwai kuma na ƙasan madatsar, masu noman fadama, waɗanda ambaliyar da suka dogara da ita wajen shinkafa da kamun kifi ta ragu. W. M. Adams ya yi nazarin halin waɗannan na ƙarshe, shi da Björn Beckman kuma kowanne ya rubuta yadda rikicin ya tashi. Daga ƙarshen 1979 manoma suka riƙa tare hanyoyin aikin, har abin ya kai ga harbin Afrilu 1980, a zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa. Adadin mamatan da hukuma ta bayar bai kai talatin ba. Masu adawa da wasu malaman jami'a sun ce sun haura 380.

4.1 Raya

Sunan da ake ba irin waɗannan hukumomi da Hausa yakan ƙunshi kalmar raya: raya koguna, raya karkara, raya ƙasa. Kalmar ta zauna daram a Hausar gwamnati har ba a jin nauyinta. Amma ba a raya abin da ke da rai. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne tushen fahimtar malaman ƙasar Hausa, raya matacciyar ƙasa hanya ce ta samun haƙƙi a kanta: wanda ya sare daji ko ya haƙa rijiya a inda babu mai shi, wurin ya zama nasa. Idan aka kira aikin Bakalori raya ƙasa, a fakaice an yi da'awa biyu, cewa ƙasar matacciya ce, kuma wanda ya raya ta yana da haƙƙi a kanta. Fadamar kogin Sakkwato kuwa tana cikin wurare mafi albarka a yankin, ana noma ta tun zamanin da ba a iya tunawa. Ba lallai ne wanda ya fara zaɓen kalmar ya yi wannan nufi ba, mai yiwuwa kalma mai daɗi kawai ya nema. Sai dai kalma ba ta barin kayanta a ƙofa don mai amfani da ita bai lura da su ba.

4.2 Amfanin jama'a

Dokar ta ba da damar soke haƙƙi idan akwai buƙatar jama'a da ta rinjayi ta mutum ɗaya, ta kuma lissafa bunƙasa noma cikin irin waɗannan buƙatu. Bahaushe bai jahilci wannan ba. Ya san hurumi da burtali da maƙabarta da filin idi, ya san ana iya cin gefen gonarsa don hanya. Amma a duk waɗannan, jama'ar da ake nufi ya san su, shi ma yana cikinsu. A Bakalori, jama'ar da ake gani da ido su ne aka tayar. Jama'ar da aka yi aikin dominsu kuwa, idan aka bi hujjar Gunilla Andrae da Beckman a littafinsu na 1985 a kan alkama, sun haɗa da masu cin burodi a birane da masu sayar da injuna a Turai. Kalma ɗaya ta rufe ƙungiya biyu masu buƙatu mabambanta.

4.3 Aikatau da wakilin suna

Ba a sunaye kaɗai ake ɓoye abu ba. Tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960 yana taimakawa a nan. A dubi waɗannan jimloli da aka ƙirƙira domin misali:

(1) An karɓi gonarsa.
(2) An karɓar masa gona.
(3) An karɓe masa gona.
(4) An ƙwace masa gona.

Jimla ta (1), mai aikatau giredi na 2, tana nuna kamar miƙawa aka yi, domin karɓa abokiyar bayarwa ce. Ta (2) ma alheri take nunawa, an samo masa. Ta (3), mai giredi na 4, ta sauya lamarin da wasali ɗaya: abin ya rabu da shi ɗungurungum, kuma kaikaitaccen karɓau ya koma wanda aka cuta. Ta (4) ta ƙara hukunci, cewa an yi da ƙarfi kuma ba bisa haƙƙi ba. Hausar sanarwa takan tsaya a (1). Hausar mai gona takan fara daga (3), ko a karin harshen yamma a ce an amshe muna gona. Tafintan da ke son gaskiya ba dole ne ya kai (4) ba, domin wannan hukunci ne da ba nasa ba, amma (3) ita ce mafi ƙarancin abin da ya faru. Wanda ya zaɓi (1) ya riga ya ɗauki ɓangare.

Wakilin sunan nan na sakaya, wato an, shi ma yana da nasa aiki. A bakin hukuma yana ɓoye wanda ya yi. A bakin talaka yana kare mai magana, domin kowa ya san wanda ake nufi ba tare da an kama suna ba. Siga ɗaya ce, amma amfani biyu ne masu karo da juna, kuma nahawun da ya tsaya ga siga ba zai ga bambancin ba.

Akwai kuma sake tsugunar da jama'a, wadda ita ce Hausar da aka saba ji idan an kwashe gari. Wannan kam, ko da gangan ko bisa kuskure, ta faɗi gaskiya. Tsuguno ba zama ba ne. Mai tsuguno yana jiran tashi.

5.0 Diyya

Wannan ita ce kalmar da ta fi kowacce nauyi. Asalinta Larabci ne, kuma a shari'a tana nufin dukiyar da ake biya saboda rai ko gaɓa. Malaman Malikiyya sun ƙayyade ta ga rai: raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Hausa ta faɗaɗa ma'anarta har ta shafi duk wani biyan asara, kuma faɗaɗar ma'ana ba laifi ba ce, kowane harshe yana yi. Amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, tana nan a kotunan shari'a da majalisun malamai, don haka mai sauraro yana jin sabuwar ne da amon tsohuwar.

Diyya ta asali tana tafe da abubuwa uku. Mai biya ya amsa cewa ta hannunsa asarar ta auku. Adadin sananne ne, ba mai biya ke yanke shi ba. Sannan a kisan ganganci, magada ba dole ne su karɓa ba, suna da hanyar neman ƙisasi. Biyan da dokar 1978 ta tanada a sashe na 29 ya saɓa wa ukun. Hukuma ba ta amsa wani laifi, domin a ganin doka abinta ta ɗauka. Jami'in hukumar ne ke ƙiyasta abin da za a biya, har ma sashe na 47 ya nemi hana kotu duba ko adadin ya wadatar, ko da yake kotuna sun ƙalubalanci wannan daga baya. Kuma ƙin karɓa ba ya maido da gona.

Mafi muhimmanci, ba ƙasar ake biya ba. Abin da ake biya shi ne abin da mutum ya ɗora a kanta wanda bai gama cin amfaninsa ba: gini, rijiya, shuka, itatuwa masu amfani. Game da ƙasar kanta, abin da sashen ya ambata shi ne kwatankwacin kuɗin hayar da mutum ya biya a shekarar da aka soke haƙƙinsa, manomin karkara kuwa ba ya biyan hayar gonar gado. Gaskiya ne dokar ta yi maganar ba da wata gona a madadi, amma fadama ba ta da madadi a kan tudu. Saboda haka idan aka ce wa manomi za a biya shi diyyar gonarsa, shi yana lissafin gonar ne, da abin da za ta ciyar da jikokinsa, jami'i kuwa yana ƙirga ɗorawa da mangwaro da kukoki. Kowannensu yana ganin ɗayan ya karya magana. Ba a cewa wannan saɓani na ma'ana shi ya haddasa rikicin Bakalori, domin jinkirin biya da yunwa da asarar damuna sun ishi su tayar da kowa. Amma kalmar ta yi alkawarin da ba a yi niyyar cikawa ba, kuma da an ce kuɗin shuka da gini, da kowa ya san inda ya tsaya tun farko.

Bahaushen kudu yana da wata tambaya da ta taso daga nan. Idan gona tana hannun jingina, mai ita yana Borokiri, wanda ya ba da kuɗi yana nomawa, sai aikin gwamnati ya biyo ta kanta, wa za a biya? A tsarin gargajiya amsar a fili take, gonar ta mai ita ce, ɗayan kuɗinsa yake bi. A tsarin dokar kuwa shukar ake biya, shukar kuma ta mai nomawa ce. Ga shi sashe na 36 ya hana sauya hannun irin wannan ƙasa ta karkara, wato jinginar da ta kawo mutumin Fatakwal ma doka ba ta san da ita ba.

A ƙarshen Afrilu 1980 kalmar ta koma gidanta na asali. Mutanen da suka fito neman diyyar gona sun bar magada waɗanda, a ma'anar farko ta kalmar, su ne masu haƙƙin diyya.

6.0 Yadda abin yake daga kudu

A Arewa dokar 1978 ci gaba ce ta abin da aka saba tun 1910. A kudu kuwa, inda ƙasa ke hannun dangi da gari, sabon abu ce, ko da yake karɓar ƙasa don aikin hukuma ba baƙo ba ne. Fatakwal kanta an kafa ta ne a kan ƙasar da gwamnatin mulkin mallaka ta samu daga mutanen Diobu da Okirika ta yarjejeniyar 1913, wadda aka yi wa ƙari a 1928 bayan ƙorafi. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Michael Okpara ta Jihar Gabas ta kafa matsugunan noma a wurare irin su Igbariam da Ohaji da Uzo-Uwani, bisa koyi da tsarin Isra'ila, a kan ƙasar da aka samu daga garuruwa. Bayan yaƙin basasa kuma aka yi rikicin gidajen Fatakwal da dokar Jihar Ribas ta 1969 ta kira kadarorin da aka yi watsi da su, alhali masu su, waɗanda yawancinsu Ibo ne, suna cewa gudun rai suka yi. Bambancin watsi da gudu irin bambancin karɓi da karɓe ne, kuma a can ma sunan da hukuma ta zaɓa shi ya yanke hukunci kafin a je kotu.

Bahaushen da ke zaune cikin waɗannan al'ummu yana jin maƙwabtansa suna maganar ƙasa a matsayin tasu da aka karɓe, musamman tun bayan fafutikar Ogoni ta farkon shekarun 1990. Shi kansa a nan ba shi da gona, fili da shago da haya ya sani. Wannan tazara ta sa Hausarsa ta zama wurin da ya cancanci manazarta su saurara, domin yana riƙe da tsofaffin kalmomin a ma'anarsu ta gida, yana kuma ganin yadda wasu al'ummu ke jayayya da sunayen da hukuma ke raɗa wa abubuwa.

Littattafan ƙagaggun labarai da suka yi fice a 1982 sun taɓo fasa-ƙwauri, kamar Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da haɗarin hanya, kamar Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, da ta'addanci, kamar Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Amma wanda ke son sanin abin da ya faru a Bakalori, mafi yawan abin da manazarta ke dogara da shi da Ingilishi yake, har da bayanan da Yusufu Bala Usman ya tattara a 1982. Wato maganar manoman an fassara ta zuwa Ingilishi kafin a adana ta, kamar yadda aka fassara maganar hukuma zuwa Hausa kafin ta iso gare su, kuma a kowace tafiya an zubar da wani abu a hanya.

Aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi ma yana da nasa kaso. Kundin kalmomin majalisa na harsuna huɗu da ya fito a 1991 babban aiki ne, amma tsarin irin waɗannan kundaye shi ne jera kalma a gefen kalma. A fannin nahawu wannan yana iya wadatarwa, domin babu wanda zai rasa abinci idan aka yi saɓani a kan sunan wani rukunin kalmomi. A fannin dokar ƙasa kuwa ana buƙatar bayani a gefen kowace kalma, mai faɗin abin da ta ƙunsa a doka da abin da ba ta ƙunsa ba, tare da gwada ta a kunnen manomi da alƙali da ɗan cirani kafin a buga. Dokar 1978 tana nan daram, sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 yana kare ta, kuma har yanzu amana da diyya da shaidar mallaka ake cewa a rediyo.